*"AN GWADA SHI A LAB": SHIN GWAJIN YA SAN ABIN DA FATAR IYALINKA KE SHA?*

Bismillahir Rahmanir Rahim.

 

Darasinmu na yau yana da ɗan tsawo. A daure a karanta har ƙarshe kafin a tura wa wani.

Idan ka bi Court Road da yamma, ko ka leƙa shagunan kayan kwalliya tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har kasuwar Tarauni, akwai maganar da kunnenka ba zai rasa ji ba. Mace ta ɗauki robar mai tana jujjuyawa, ta ce, "Malam, wannan dai ba shi da illa ko?" Sai a ce mata, "Haba Hajiya, ai an gwada shi a lab." Shi ke nan magana ta mutu, a ƙulla mata a leda.

A waya kuma wani saƙo ne daban yake yawo, mai cewa wai kashi 60 cikin 100 na duk abin da ka shafa yana shiga jininka, wai cikin sakan 26. Wasu har sun fara tsoron man kaɗanya da man zaitun.

To maigida, kai da kuɗin man yake fita daga aljihunka, da ke uwargida da kike shafa wa kanki da yara, wanne za ku ɗauka? Duka biyun akwai gyara a cikinsu. Yau za mu shiga ɗakin gwajin da kanmu, mu ga yadda ake auna abin da fata ke tsotsa, inda gwajin yake da gaskiya, da inda iyakarsa ta tsaya.

*YADDA ALLAH YA TSARA FATA*

Mai gadin jikinka shi ne wani ɗan siririn ɓawo a saman fata. A yawancin jiki kaurinsa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na milimita ne, wato ko rabin kaurin silin gashi bai kai ba. Tsarinsa kamar ginin tubali ne: matattun ƙwayoyin fata su ne tubalan, wani irin maiƙo kuma shi ne kwaɓin da ya riƙe su. Duk abin da zai shiga jini ta fata sai ya kurɗa ta wannan katanga, ko ya bi ta ramin gashi.

Abin da ke iya kurɗawa shi ne mai ƙananan ƙwayoyi wanda yake narkewa a maiƙo. Shi ya sa ake da filastar magani da ake mannawa a jiki, ta masu son barin taba ko ta kashe zafin ciwo, maganin ya riƙa shiga jini a hankali. Mai manyan ƙwayoyi kuwa a waje yake tsayawa. Da insulin yana ratsa fata, da masu ciwon suga sun huta da allura. Haka kolajin ɗin da ake tallar sa a cikin mai: ya yi girma da yawa, a saman fata yake zama ya sa ta laushi.

Ka ga ke nan babu wani adadi ɗaya da ya hau kan komai. Wani abin ko kashi 1 cikin 100 ba ya shiga, wani kuma kusan rabinsa ke wucewa. Zancen kashi 60 na komai da komai ba shi da tushe.

Malamanmu ma sun san da wannan. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta tattauna magungunan zamani da azumi, ta yanke cewa abin da fata ke tsotsa irin su man shafawa da filastar magani ba ya karya azumi. Sai dai a lura, hukuncin azumi daban, hukuncin lafiya daban. Abu bai karya azumi ba, amma yana iya taɓa ƙoda.

*YADDA AKE GWAJIN*

Kafin a je nesa, kalmar "an gwada" tana iya nufin abu uku. Akwai gwajin gano abin da ke cikin man. Akwai gwajin ko yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Sannan akwai gwajin nawa ne yake ratsa fata ya shiga jiki. Mai shago ba ya faɗa maka wanne aka yi, sau da yawa shi ma ji ya yi.

Na ukun shi ne darasinmu. Na'urar da aka fi amfani da ita wani likita ɗan Amurka ne, Thomas Franz, ya bayyana ta a 1975, har yau da sunansa ake kiranta. Wata 'yar kwalba ce mai hawa biyu. Ana ɗauko guntun fatar mutum, yawanci wadda aka cire wajen tiyatar ciki ko ta nono da izinin mai ita, a shimfiɗa ta tsakanin hawan sama da na ƙasa kamar yadda ake rufe bakin ganga. A sama a shafa man da ake son gwadawa. A ƙasa akwai ruwa da ake juyawa, shi ne a madadin jini. Ana riƙe zafin fatar a digiri 32, daidai da zafin saman fatar mutum a ɗaki mai matsakaicin yanayi. Daga nan a riƙa ɗibar ruwan ƙasa lokaci-lokaci, yawanci har awa 24, ana auna abin da ya tsallako.

A 2004 ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu ƙarfin masana'antu ta fitar da ƙa'idar wannan gwaji, mai lamba 428. Daga cikin sharuɗɗan, sai an fara tabbatar da cewa fatar ba ta huje ba. Abin da za a shafa ɗan kaɗan ne, miligiram 1 zuwa 5 a kan kowane murabba'in santimita. A ƙarshe kuma sai an yi lissafi irin na ɗan kasuwa da dare: wanda ya rage a sama, da wanda ya maƙale a cikin fata, da wanda ya wuce ƙasa, idan an haɗa dole su tashi kusa da abin da aka zuba, kada gibin ya wuce kashi 10 cikin 100.

Idan ba a samu fatar mutum ba ana ɗaukar ta dabba. Ta ɓera ta fi tamu saurin shan abu, don haka sakamakonta yakan zarce gaskiya. Wadda masana suka ce ta fi kama da ta mutum a wannan fanni ita ce ta alade.

*TO, ZA A IYA DOGARA DA SHI?*

Masanan da kansu sun yi wa kansu wannan tambaya, kuma sun gwada junansu.

A 2005 an wallafa wani bincike da aka raba wa ɗakunan gwaji 18 a ƙasashe daban-daban sinadari iri ɗaya, da shimfiɗar roba iri ɗaya a maimakon fata, don kada a ce bambancin fata ne. Duk da haka sakamakon da ya fi yawa ya ninka mafi ƙanƙanta kusan sau 4. Hannun ma'aikaci, da irin na'ura, da ɗan kumfan iska da ya maƙale a ƙarƙashin shimfiɗar, duk suna iya sauya lamba. Ina ga an kawo fatar mutane, wadda ta Audu daban ta Bala daban?

A 2011 kuma Franz da abokan aikinsa suka tattara sakamako 92 inda aka auna abu ɗaya a kwalba da kuma jikin mutum mai rai. Da aka kwatanta su haka nan, a wasu wuraren tazarar ta kai kusan ninki 20. Amma da suka ware guda 11 waɗanda aka daidaita komai a cikinsu, wato wurin jiki ɗaya, adadin mai ɗaya, haɗi ɗaya, lokaci ɗaya, sai kwalba da jiki suka zo kusan daidai, bambancin bai kai ninki 2 ba.

Ga misalin da ya shafe mu kai tsaye. Haidurokwinon shi ne sinadarin da ya fi shahara a man bilicin. A 1998 masu bincike a Kaliforniya suka shafa wa mutane mai ɗauke da kashi 2 cikin 100 nasa a goshi. Cikin awa 24 kusan kashi 45 cikin 100 na sinadarin ya shiga jiki. A kwalba kuma suka samu kusan kashi 43.

Amsar ke nan: gwajin yana da aminci matuƙar abin da aka yi a ɗakin gwaji ya yi daidai da abin da ake yi a jiki. Da zarar an saɓa, lambar da ke takarda ta daina magana a kanka. Yanzu mu dawo gida mu ga inda muke saɓawa.

*WURARE SHIDA DA GIDANMU YA SAƁA WA ƊAKIN GWAJI*

*1. Wurin da aka shafa.* Tun 1967 wasu masana biyu, Feldmann da Maibach, suka shafa maganin haidurokotizon a sassan jiki daban-daban. Idan aka ɗauki abin da cikin hannu tsakanin wuyan hannu da gwiwa ya sha a matsayin 1, tafin ƙafa ko kashi 1 cikin 5 na hakan bai sha ba, goshi ya sha ninki 6, gefen muƙamuƙi ninki 13, fatar maraina kuwa ninki 42. Uwargida, fuska da wuya da matsematsi, inda aka fi lafta mai, su ne ƙofofin da suka fi buɗewa.

Maigida, kai ma wannan ya shafe ka. A 1971 an yi irin gwajin da wani maganin ƙwari mai suna faratiyon: hannu ya sha ƙasa da kashi 10 cikin 100, hamata sama da kashi 60, gaban namiji kusan duka. Idan ka yi feshi a gona, ko ka yayyafa fiya-fiya a ɗaki, ka wanke hannu da sabulu kafin ka kama ruwa, ka kuma cire rigar da ta jiƙe.

*2. Zafi da rufi.* Gwaji a digiri 32 ake yi. Mu kuwa a watan Afrilu Kano takan haura digiri 40, ga zufa, ga rashin wuta. Zafi yana ƙara gudun jini a fata, yana ƙara shigar magani. Shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka take gargaɗin masu manna filastar fentanil da su guji ɗumama wurin. Rufi ma haka: idan aka shafa haidurokotizon aka naɗe da leda, abin da ke shiga yakan ninka kusan sau 10. Masu shafa haɗi su naɗe jiki da leda wai don ya kama da wuri, yana kamawa kam, har cikin jini.

*3. Fatar da aka kankare.* Mun ce a ɗakin gwaji duk fatar da ta huje jefar da ita ake yi. A gyaran jikin amare kuwa sai an yi dilka an murje, an yi halawa an tuge gashi, an shiga turare an yi zufa, sannan a shafa haɗi. An rage kaurin katangar ke nan kafin a kawo mai. Haka fatar da sanyin hunturu ya tsattsage, da mai ƙyasbi ko ƙuraje ko ƙuna, da wadda aka yi wa aski yanzu.

*4. Jariri.* Fatar da ake gwaji da ita ta manya ce. Jariri faɗin fatarsa yana da yawa idan aka kwatanta da nauyinsa, hantarsa da ƙodarsa ba su yi ƙwari ba, bakwaini kuwa katangar ma ba ta gama ginuwa ba. Kunzugu da famfas kuma rufi ne mai ɗumi da danshi. A Faransa a 1972 an yi kuskure a masana'anta, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shiga hodar jarirai da yawa, kusan kashi 6 cikin 100. Jarirai 36 suka rasu. Hoda ce fa kawai ake barbaɗa musu. Don Allah duk mai shafa wa yaro man ƙara haske ta ji tsoron Allah ta daina.

*5. Haɗi.* Wannan ne babba a wajenmu. Gwaji na mai ɗaya ne, yadda ya fito daga kamfani. Ko man da aka kwaɓa sinadari a ciki aka sauya, yadda yake ratsa fata ya sauya. To mai haɗi ta matse tub uku, ta zuba ruwan wata 'yar kwalba, ta ƙara wani mai, ta juye a robar da ba rubutu. Wannan abin da ta haɗa ba a taɓa gwada shi a ko'ina a duniya ba. Lambar NAFDAC da ke jikin tub ɗaya, ko da ta gaskiya ce, ba ta bi shi cikin robar ba. Ƙa'idar NAFDAC ita ce kada haidurokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100 a man kwalliya, Tarayyar Turai kuma ta hana shi a man shafawa tun 2001. Wa ya auna na cikin robar?

*6. Faɗin jiki da tsawon lokaci.* Guntun fatar da ke kan kwalba bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, kuma kwana ɗaya ne. Fatar babban mutum ta kusa murabba'in mita 2, ana shafawa safe da dare, shekara da shekaru. Man sitiroyid mai ƙarfi irin kilobetasol, wanda likita ke bayarwa na 'yan makonni a ɗan wuri, idan aka mai da shi man shafawa yana sirantar da fatar kanta, ya kawo nankarwa da ƙuraje, gobe abin da zai shiga ya fi na yau. Daga nan sai kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga, da ciwon da ba ya warkewa bayan tiyata. Haidurokwinon kuma idan an daɗe a kansa yakan bar baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita.

Zaiba, wato makuri, ita tana da wata hanyar da kwalbar gwaji ba ta gani sam. Tana tashi a iskar ɗaki a shaƙa, tana maƙalewa a tawul da zanin gado, tana bin hannun uwa zuwa bakin yaro. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma isa ga ɗan tayi. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya ke ciki, ta fara da taƙaita ta a kayan kwalliya, a 2023 kuma ƙasashen suka amince a hana ta gaba ɗaya. A shekarar ce NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan.

*LALLE DA DAYIS*

Lalle abin alfahari ne a likitancin Musulunci, Ibnul Ƙayyim ya yi bayanin amfaninsa a cikin Zadul Ma'ad. Launinsa a ɓawon sama yake kamawa, shi ya sa yake gogewa cikin mako 2 zuwa 3 yayin da fata ke sabuntawa. Ga babba mai lafiya, ganyen lalle zalla ba a cika samun matsala da shi ba.

Amma akwai gargaɗi biyu. Na farko, jarirai da ƙananan yara masu ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a tsakanin maza a ƙasarmu. Likitoci a Kuwait da Daular Larabawa sun rubuta rahoton jariran da aka lafta wa lalle jininsu ya farfashe. Alamarsa shawara, ɗashewar jiki, da fitsari mai duhu. Kada a yi wa jariri ƙunshi.

Na biyu, baƙin lalle na dayis. Sinadarin cikinsa, PPD, don rina gashi aka yarda da shi, ba don zane a fata ba. A nan yawan abin da ya shiga jini ba shi ne abin dubawa ba, domin ɗan kaɗan ya isa ya sa jiki ya ƙi shi. A karon farko yakan ɗauki kwana 4 zuwa 14 kafin wurin ya yi ƙaiƙayi ya ɗuri ruwa daidai shatin zanen, kuma wanda jikinsa ya ƙi shi sau ɗaya yawanci har abada ne. A ajiye dayis nesa da yara, shan sa yana kisa.

*ABIN YI*

▪️ In an ce maka an gwada, ka tambaya: me aka gwada, wa ya gwada, wannan robar ce ko wata? Tambaya rabin ilimi ce.

▪️ Kada a sayi man da ba shi da suna, da jerin abin da ke ciki, da sunan kamfani, da ranar lalacewa. Wanda yake haskaka fata cikin mako ɗaya abin zargi ne ko da an rubuta masa "na gargajiya".

▪️ Masu haɗa magungunan Musulunci, mu ma wannan ya hau kanmu. Kada a zuba tub ɗin kemis a cikin man habbatus sauda ko man zaitun a sayar da sunan Sunna. Wannan algus ne, kuma amana ce za a tambaye mu.

▪️ Mai ciki da mai shayarwa su nisanci man bilicin kowane iri.

▪️ Wadda ta daɗe tana shafa mai sitiroyid a duk jiki kada ta yanke rana ɗaya. Jikin ya saba, yankewa farat ɗaya na iya jawo kasala mai tsanani da faɗuwar jini. Likita ne zai tsara yadda za a janye a hankali.

▪️ In an ga kumburin ƙafa ko fuska, fitsari mai kumfa, rawar hannu, ko yawan ƙishirwa da fitsari, a tafi asibiti da robar man a hannu. Mu mutanen Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi Allah Ya hutar da mu, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kan titin Zariya, akwai likitocin fata da na ƙoda. Kada a ɓoye wa likita abin da ake shafawa. Awon jini da fitsarin mutum shi ne yake nuna halin da nasa jikin yake ciki, abin da kwalbar gwaji ba za ta iya faɗa ba.

Kai kuma maigida, ka duba bakinka. Mata da yawa ba don kansu suke shafe-shafen nan ba, wata kalma ce suka ji a gida, ko yabon farar mace da aka yi a gabansu. Ka yaba launin da Allah Ya ba iyalinka, ka sayo mata man kaɗanya ko basilin mai kyau, ka leƙa kan madubi ka ga robobin da ke wurin, ku yi magana cikin mutunci ba da faɗa ba. Jiki amana ne, addininmu kuma ya hana mutum ya cutar da kansa ko ya cutar da wani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana zuriya, Ya sa mu dace. Wallahu a'alam.

A tura wa 'yan'uwa, musamman masu shirin aurar da 'ya'ya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.